Rigar Sanyin Gangzi

Da jirgin sama ya sauka a Sanya, garin zafi a wani tsibiri can kudu, mutanenmu na Harbin, garin ƙanƙara, suka yi abin da suka saba. Kowa ya ruga ɗakin canza kaya yana ta kwaɓe-kwaɓe, rigar sanyi da hula da safa kan safa, suka fito da gajeren wando da silifas, ƙafafu fari fat kamar rogon da aka fere. Tong Shulan kaɗai ta fito yadda ta shiga, cikin wata jibgegiyar rigar sanyi ta auduga, koriya irin ta sojoji, wadda ta kai mata har ƙwauri.

"Yaya Lan, don girman iyayenki ki cire wannan bargon," in ji ƙawarta Dou Yufen, tana fifita da tikitin jirgi. "Mutane na kallonmu. Za a ce na sato ki daga asibiti."

"Ba na jin zafi."

"Ni ina ji a madadinki. Dubi gumi a goshinki, kamar an tsamo ki daga tukunya."

Shulan ta shafa goshi, ta dubi hannunta. Gumi ne kuwa. Ta cire rigar, ta rungume ta a ƙirji, suka fita neman mota.

Rigar ta Gangzi ce, ɗanta, shi kaɗai ta haifa. Da babur yake kai wa mutane abinci gida-gida, kuma a tsakiyar bazarar da ta wuce wata babbar mota ta haɗa shi da bango. Ubansa ya daɗe da rasuwa, shi kuma bai yi aure ba. Bayan jana'iza dangi suka tattara kayansa kaf aka ƙona masa, yadda ake yi, don ya same su a can. Wannan rigar ce kawai ba su gani ba, domin Shulan ta cusa ta ƙarƙashin katifarta ta zauna a kai. Ita ta farke gabanta ta ƙara mata auduga saboda iskar babur. Akwai ƙunar taba a hannun hagu, kuma wuyan har yanzu yana warin gashinsa.

Tun ranar da aka kira ta asibiti wani abu ya ɗauke a jikinta, kamar yadda wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar girki. Ba ta yi kuka ba. Abinci ba shi da ɗanɗano, ruwan zafi da na sanyi duk ɗaya. Wata rana ta ɗora hannu a jikin tukunyar da ke kan wuta, sai da ta ga fatar ta kumbura ta san ta ƙone. Maƙwabta suka yi ta cewa ai Shulan akwai ƙarfin hali. Ƙarfin halin me? Mutane dai ba sa rasa abin faɗa.

Yufen ce ba ta yarda ba. Tare suka yi aiki a masaƙa tun suna 'yan mata har masaƙar ta rufe, kuma Yufen irin matan nan ne da in suka ƙudura abu, gara ka bi su ka huta. Ƙaninta yana da gida a wani dogon bene a Sanya, babu kowa ciki sai tsakiyar hunturu. Ta sayi tikiti, ta zo ta haɗa wa Shulan jaka da hannunta, ta ce 'yan kwanaki ne kawai, rana ta gasa mata ƙashi su dawo. Shulan ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Duk inda aka ajiye ta, nan take zama.

Haka kwanakin suka yi ta tafiya. Da safe Yufen ta ja ta bakin teku, ta juya mata kafaɗu ta fuskanci ruwa.

"Dubi! Ke dubi wannan shuɗi! Kin taɓa ganin irinsa?"

"Yana da kyau."

"Yana da kyau, kamar ana tambayarki kuɗin kabeji."

Ta saya mata kwakwa aka fasa aka sa tsinke, Shulan ta shanye tas. Ta ba ta jan gyale ta ce ta ɗaga sama iska ta kaɗa a ɗauki hoto, Shulan ta ɗaga. Ta binne mata ƙafafu a rairayi mai zafi don ciwon gwiwa, ta tafi neman masu rawa, ta manta da ita. Da ta dawo ta tarar da ita yadda ta bar ta, ƙafafun sun yi jawur. Suka ci kaguwa, suka ci kazar da mutanen tsibirin ke alfahari da ita, Yufen tana lashe yatsu tana zagin mai abincin wai ya cuce su. Shulan ta tauna ta haɗiye. Da sun koma gida sai ta ƙure esi, ta lulluɓa da rigar Gangzi, ta zuba wa silin ido.

Yufen ba ta ambaci sunansa ko sau ɗaya ba. In suka hango ɗan kai abinci a kan babur, nan take za ta nuna wani abu a ɗaya gefen, wai dubi wancan furen. Shulan tana ganin duk wannan wahalar da ƙawarta ke sha, ta san ya kamata ta ji tausayi ko godiya. Ta laluba cikinta ba ta sami komai ba.

Ana gobe za su koma, suka fito da safe za su teku. Unguwar cike take da tsofaffin mutanenmu masu gudun sanyi, har ma ka ce Harbin ce aka dasa wa kwakwa. A mararrabar farko Shulan ta tsaya. A ƙasa, gefen titi, an zana da'ira da alli, an bar mata baki a gefe guda, cikinta baƙar toka. Gaba kaɗan ga wata, ga wata kuma. Mai shara bai kai ga wurin ba tukuna.

"Mu je, rana na yi," in ji Yufen da sauri. "Yara ne suka yi wasa."

Shulan ta ciro waya, ta duba kalandar gargajiya, abin da ba ta yi ba tun bazara. Ɗaya ga watan goma. Ranar da ake aika wa matattu kayan sanyi. Masu azama sun ƙona nasu tun jiya da yamma, kayan takarda da suka taho da su daga gida cikin akwati. A ƙasan kalandar wayar ta rubuta cewa dusar ƙanƙara ta fara sauka a Harbin.

"Fen. Kin sani?"

Yufen ta gyara hularta ta rana, ta dubi wani wuri.

"Ke nake tambaya."

"To na sani! Sai me? Shi ya sa na ɗauko ki. Kin san yadda garinmu ke zama yau, kowace mararraba wuta, kowa na kiran sunan nasa. In bar ki a can ke kaɗai a wannan ɗakin? Kuma ke uwa ce. Babba ba ya durƙusa wa ƙarami, uwa ba ta ƙona wa ɗa, kin fi ni sani."

"Wa zai ƙona masa? Matarsa? 'Ya'yansa?"

"Na bar wa maigidana saƙo, zai yi masa da namu."

"Mijinki?" Shulan ta dube ta. "Mutumin da bai san inda safarsa take ba sai ya bugo miki waya? Ya san tsawon Gangzi? Ya san faɗin kafaɗarsa? In ya kira, yaron zai gane muryar?"

Ba da faɗa ta yi maganar ba, muryarta shimfiɗe take kamar mai karanta sanarwa, kuma wannan ya fi tsorata Yufen.

"Da 'yar shara-sharar farar riga na sallame shi," in ji Shulan. "Ana zafi lokacin. Kayan da aka ƙona masa duk na zafi ne, sai wata tsohuwar suwaita. Ba shi da komai, Fen. Kuma kin san shi da mura."

Garin gyaran gira, Yufen ta ga tana shirin rasa ido. Ta cire hular, ta cusa a jaka.

"To. Mu je mu nemo."

Nema kuwa sun yi shi. Manyan kantuna ba sa sayar da irin wannan kaya. Aka ce su je tsohuwar kasuwa, a can aka ce su bi bayan masu kifi, rana tana dukan tsakar kansu, Yufen tana haki tana tambayar kowa da ƙarfi kamar duk kurame ne. Daga ƙarshe suka sami wani ɗan shago mai duhu, turaren tsinke da jajayen kyandir har rufi. Mai shagon tsohuwa ce 'yar tsibirin, bakinta jawur da goron binlang, maganarta sai ka kasa kunne sosai kafin ka tsinci rabi.

"Inna, kayan sanyi muke so," in ji Yufen. "Na takarda. Riga mai kauri, wando mai kauri, takalmin ƙanƙara, hula."

Tsohuwar ta shiga ciki ta yi ta fito da kaya tana jerawa. Riga mai gajeren hannu da zanen kwakwa. Silifas. Hular rana. Wayar hannu, mota, gidan bene, duk na takarda. Da ta ga ba su motsa ba, ta ɗauko abin da take ji da shi, fanka mai tsayi har da wayar sawa a soket.

"Wannan ake rububi. Akwai esi ma, amma sai jibi."

"Haba Inna! Sanyi muka ce, sanyi. Ƙanƙara!"

Tsohuwar ta tofar da jan yawu a wani gwangwani, ta yi dariya.

"Ku mutanen arewa! Duk shekara sai kun zo min da wannan. Mu namu matattun zafi suke kuka da shi. Mijina ya zo min a mafarki yana gumi, sai da na aika masa fanka biyu." Ta dubi Shulan, dariyar ta ragu. "Na wa ne? Maigida?"

"Ɗana."

Tsohuwar ta ɗauko damin kuɗin takarda mai ruwan ɗorawa ta sa mata a hannu, da guntun alli, ta koma ta zauna.

A hanya Yufen ta yi ta kawo dabaru. Su sayi takarda su yanka da kansu. Su manna rigunan kwakwar nan guda biyar su zama ɗaya mai kauri. Ko su bari sai gobe in sun isa gida, ai kwana ɗaya ba ya kashe... ta haɗiye sauran. Suka hau lifta, suka shiga gida, Shulan ta wuce ɗaki ta tsaya a kan gado tana kallon rigar.

Abin a fili yake, ba ya bukatar boka. Yaron yana da rigar sanyi, mai kyau ma, wadda ta san jikinsa. Uwarsa ce ta ɓoye ta zauna a kai. Ita da ba ta jin sanyi ba ta jin zafi, ita ce take lulluɓa da ita a garin da ake kwana da fanka.

"Miƙo min almakashi."

"A'a," in ji Yufen daga bakin ƙofa. "A'a, Yaya Lan. Ita kaɗai ta rage miki. Na yi ta zagin rigar nan, na sani, bakina ne, ki yi haƙuri. Amma in kika ƙona ta, da me za ki kwana? Da me ma za ki sauka daga jirgi gobe?"

"Tasa ce."

"Ba wanda ya ce ba tasa ba ce!"

"Almakashi, Fen. Maɓallan ƙarfe ne, wuta ba ta cin su."

Yufen ta kawo. Shulan ta zauna a bakin gado ta yanke maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ta zuba a aljihun 'yar suwaitarta. Ta zazzage aljihunan rigar, ɓawon 'ya'yan sunfulawa ya zubo, da wata matacciyar laita. Sannan ta kai wuyan rigar hancinta ta shaƙa, ta daɗe. Yufen ta juya baya ta yi kamar tana neman abu a firij.

Da rana ta yi sanyi suka fita, Shulan da rigar, Yufen da kwalbar farar giya da sandar mofa da ta cire wa kai. Suka wuce gidaje, suka bi wata hanyar ƙasa ta bayan gonar kwakwa har inda ta haɗu da wata. Shulan ta durƙusa ta fara zana da'ira, sai ta tsaya.

"Ina ne gida?"

Yufen ta juya nan, ta juya can. "Can. A'a, tsaya. Filin jirgi yana can, to mu ta can muka zo."

"Jirgi yana kewayawa kafin ya sauka."

"To ni direbansa ce? Bari in duba waya."

"Bar shi. Teku kudu take."

Ta juya wa teku baya, tekun da aka yi kwanaki ana juya ta ta kalla, ta bar bakin da'irar yana duban arewa, ta ɗan karkata shi gabas. Yufen ta kunna 'yan takardun kuɗi ta jefa waje da da'irar don marasa kowa da ke yawo a hanya.

"Ga naku nan, ku karɓa ku yi gaba," in ji ta ga iska. "Wanda ya taɓa kayan yaron nan, ni da shi ne."

Shulan ta shimfiɗa rigar a tsakiya, ta gyara hannuwan, ta zuba giya, ta ƙyasta ashana. Auduga ba ta ci da sauri. Wutar ta lashe giyar ta yi shuɗi, ta mutu, rigar ta kama hayaƙi. Suka cusa kuɗin takarda a ƙarƙashi, Yufen tana ɗaga gefe da sanda iska ta shiga, tana tari tana hawaye tana cewa hayaƙi ne.

"Ki kira shi mana. In ba ki kira ba wani zai sa."

Shulan ta buɗe baki. Tun bazara sunan bai fito daga bakinta ba, ya fito a bushe.

"Gangzi. Ni ce. Zo ka karɓi rigarka."

Hayaƙin ya miƙe sama.

"Da nisa, na sani. Antinka Yufen ce ta kawo ni, kada ka ga laifinta. Ka bi ta arewa, na bar maka ƙofa. An fara ƙanƙara. Ka sa ta. Kada ka ce min ba ka jin sanyi."

Sai wutar ta kama sosai, ta gaban nan da ta ƙara wa auduga. Zafin ya sa Yufen ja da baya, Shulan kuwa tana durƙushe a wurin har sai da aka janye ta ta kafaɗa. Suka jira komai ya cinye, don abin da bai ƙone duka ba, a yage yake isa. Wani mai babur ɗan tsibirin ya wuce, ya rage gudu, ya kalli mata biyu suna ƙona bargo a wannan zafi, ya girgiza kai ya tafi. Da jan garwashin ya mutu suka tashi suka kama hanya, ba waiwaye, yadda ake yi.

"Kin ji sauƙi?" in ji Yufen da suka kusa gida.

Shulan ta laluba. "Ban sani ba. Ba na jin komai."

"To. Mu ci jiaozi."

Suka ci 'yan ƙullin fulawar nan masu nama a ciki a wani shagon mutanenmu, ta tauna ta haɗiye.

Washegari a jirgi Yufen ta yi ta mita. Za su raba kayanta, ita ta ɗauki rigar sama, Shulan ta ɗauki ta ciki da mayafi, su ruga mota da gudu. Shulan ta ce to. Amma da suka sauka, jakar Yufen ta yi nauyin fitowa, tana can tana faɗa da wani a kan keken kaya, Shulan kuwa ta bi mutane kawai, yadda ta saba bin duk abin da ke gabanta. Ƙofar gilashi ta buɗe da kanta, ta fita da 'yar suwaitarta ta bakin teku.

Iskar ta mare ta. Ta shiga ta wuya, ta hannuwa, ta bi haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, ta soki haƙoranta. Ƙanƙara tana sauka a kan takalmin yadin da ke ƙafarta, yatsun suka fara zafi kamar ana cizonsu. Shulan ta tsaya cak, baki buɗe. Wayyo, ashe haka sanyi yake! Jikinta ya kama ɓari, ta cusa hannuwa a aljihu, yatsunta suka ci karo da ƙarfe.

Yufen ta fito da gudu tana jan jaka, riga a hannu.

"Ke mahaukaciya ce? So kike ki mutu a hannuna a ce ni na kashe ki? Sa wannan!"

"Fen." Haƙoranta suna haɗuwa. Ta buɗe tafin hannu, maɓallan suna ciki. "Ban aika masa da su ba. Da me zai rufe gaba? Iskar nan ta ƙirji take shiga."

Yufen ta dubi maɓallan, ta dubi fuskar ƙawarta.

"Yaushe ya taɓa rufewa? Shekara nawa kina binsa har bakin bene kina ihu?"

"Bai taɓa ba," in ji Shulan. "Ɗan banza, bai taɓa ba."

Wani sauti ya fito mata, ya fara kamar dariya, bai ƙare a haka ba. Ta durƙushe a nan bakin ƙofa, matafiya suna kewaye ta da jakunkunansu. Yufen ta yafa mata rigar, ta durƙusa ita ma a cikin ƙanƙarar, ta fara ɓalla mata maɓallai tun daga wuya.

"Sanyi nake ji, Fen. Sanyi nake ji."

"Na sani, Yaya. Ɗaga haɓarki."